Asabar ɗin farko ta Disamba: shatar mota da ƙwallon jami'o'i a Atlanta

Motoci shida gare ni, dukansu ƙananan bas masu cin mutum goma sha huɗu ban da direba. Da gangan na tsaya a wannan girman, domin a Amurka motar da aka ƙera don mutum goma sha shida, har da direba, sai mai lasin manyan motoci ke tuƙa ta, irin waɗannan direbobi kuwa tsada gare su. Aikinmu na yau da kullum jigilar filin jirgin sama na Hartsfield-Jackson da ke nan Atlanta ne, da bukukuwan aure, da masu zuwa taro. Wannan shi ke biyan inshora da bakanike. Amma abin da ake kira riba, mafi yawansa daga farkon Disamba zuwa tsakiyar Janairu yake shigowa, lokacin da jami'o'i ke wasannin ƙarshe na ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a ƙirji a ruga da ita.

Wanda bai zauna a kudancin ƙasar nan ba zai yi mamakin a ce wasan ɗalibai ke ciyar da magidanci. A nan jami'a kamar garin haihuwa take. Tsoho mai shekara saba'in yana sanye da jar rigar Jojiya, ɗansa da jikansa ma haka, kuma duk inda ƙungiyar ta nufa za su bi ta in aljihu ya yarda. Rukunin jami'o'in kudu maso gabas, wanda ake kira SEC, ya fara wasan fitar da gwani a 1992 a Birmingham ta jihar Alabama. Shekara biyu aka yi a can, a 1994 aka kawo shi Atlanta, bai sake tashi ba. Da a filin Georgia Dome ake yi, daga 2017 aka koma filin Mercedes-Benz, wanda ke cin mutum sama da dubu saba'in.

Wannan zama wuri ɗaya shi ne jarina na gaskiya. Tun watan Agusta na san Asabar ɗin farko ta Disamba motocina ba za su kwana a gida ba. Ban san waɗanda za su kara ba, domin sau da yawa sai a wasannin ƙarshen Nuwamba ake tantancewa, wato saura kwana bakwai. Amma ko su wane ne, yawancinsu za su iya tuƙowa. Daga Athens, inda jami'ar Jojiya take, tafiyar awa ɗaya da rabi ce. Daga Tuscaloosa ta Alabama kamar awa uku a babbar hanyar I-20. Mutumin da ya ji labari ranar Asabar da dare zai iya kirana ranar Litinin, ya ba da kafin alƙalami, su haɗa kuɗi su goma sha biyu su yi shata. Ba ya neman tikitin jirgi, ba ya neman hutu a wurin aiki.

A makon nan ba na barci sosai. Litinin da Talata na waya ne da lissafi. Laraba a duba birki da taya. Alhamis in zauna da direbobi mu bi taswirar titunan da 'yan sanda za su rufe a kewayen filin, musamman wajen Northside Drive, mu tsayar da wurin sauke fasinja da wurin kwasa. Kwasar ita ce wahala. Da safe mutane suna zuwa kaɗan-kaɗan, wasu tun hantsi don su kafa rumfa a wurin ajiye motoci, su gasa nama, su ci su sha kafin a fara. Da dare kuwa dubu saba'in ne ke fitowa lokaci guda, rabinsu na murna rabinsu ransu a ɓace, waya ba ta shiga. Shi ya sa nake ba kowace tawaga kati mai lambar mota da sunan kwanar da za mu haɗu, a rubuce, kuma ina sa wurin ya yi ɗan nisa da filin. Gara su taka na minti goma da mota ta maƙale awa guda. Wani direbana, dattijo ne ɗan Maraɗi da ya girme ni, shi ya koya mini haka. Ya ce, "Alhaji, mai neman fita kasuwa da wuri ba ya ɗaure jakinsa a tsakiyarta." Na ce, "Baba, an gama," kuma tun ranar ban sake jayayya da shi a kan hanya ba.

Da na daɗe a sana'ar sai na fara bin yadda sauran rukunoni ke zaɓen gari, domin abin ya shafi tuwona. Rukunin ACC ya fara nasa a Jacksonville ta Filorida a 2005, ya koma Tampa a 2008. Shekara biyu a jere, 2007 da 2008, Boston College da Virginia Tech ne suka fito, dukansu daga nesa, kuma duk wanda ya kalla a talabijin ya ga kujeru fayau. Sai a 2010 da aka kai shi Charlotte, tsakiyar jami'o'in rukunin, abin ya daidaita. Rukunin Pac-12 na yamma ya yi irin wannan a Santa Clara ta Kalifoniya daga 2014 zuwa 2019, yawanci daren Juma'a, a wurin da cunkoson motoci ya yi suna. Ɗan Utah ko ɗan Oregon ya ji labari saura kwana shida, ya nemi jirgi, ya bar aiki ranar Juma'a? Da yawa suka zauna gida. Da aka mayar da wasan Las Vegas a 2021 mutane suka ƙaru, don gari ne da jirage ke yi wa tsinke daga ko'ina, ga ɗakunan otal birjik. Shi kuwa rukunin Big Ten tun 2011 ya kafa a Indianapolis, filin da otal-otal duk tafiyar ƙafa ce.

Akwai wani abu da masu zaɓen gari ba su cika faɗa a fili ba, ni kuwa a littafin lissafina nake ganinsa. Abin da ke cika fili daban, abin da ke cika aljihun gari daban. A ranar 8 ga Janairun 2018 aka yi wasan ƙarshe na ƙasa baki ɗaya a nan Atlanta, Jojiya da Alabama, aka tashi 26 da 23 bayan ƙarin lokaci, Alabama ta ɗauka. Tikiti ya yi tsadar da ban taɓa ji ba, ana ruwa ana sanyi, shugaban ƙasa ya zo, tsaro ya sa mutane suka daɗe a layi a waje. Fili ya cika maƙil. Amma da yawa daga cikin mutanen nan a gadonsu suka kwana. Ni sawu ɗaya zuwa, sawu ɗaya komawa, shi ke nan. Idan kuwa baƙi ne daga nesa, kwana uku nake ɗaukarsu: daga filin jirgi zuwa otal, daga otal zuwa gidan abinci, zuwa wasa, a koma filin jirgi. Gari ya fi son na nesa. Fili da ɗalibai sun fi son na kusa. A shekarar da ta biyo, da aka kai wasan Santa Clara, Clemson da Alabama suka tsallaka ƙasar daga wannan gefe zuwa wancan, farashin tikiti a hannun 'yan sari ya faɗi warwas, don iyalai da yawa sun duba kuɗin jirgi sun haƙura.

Kakar 2024 ta koya mini darasi da kuɗina. A shekarar aka faɗaɗa gasar ƙasa daga ƙungiya huɗu zuwa goma sha biyu, kuma wasan ƙarshe a Atlanta zai kasance, 20 ga Janairun 2025. Jojiya ta ci kofin SEC a Disamba, ta doke Teksas. Waya ta dinga ƙara, kowa na son a riƙe masa mota "in mun kai". Na yi hayar ƙarin motoci uku daga wani kamfani, na biya kafin alƙalami da ba a mayarwa, su kuwa masu shatar na karɓi alkawarin baki kawai, saboda tsofaffin abokan ciniki ne. Ranar 2 ga Janairu jami'ar Notre Dame ta fitar da Jojiya a New Orleans. Kafin azahar ɗin washegari kusan duk sun janye. Ban ga laifinsu ba, ni ne ban rubuta sharaɗi ba. Yanzu duk shatar da ta dogara da sakamakon wasa tana da takarda, kashi ɗaya cikin huɗu ba ya dawowa.

Abin da ya cece ni baƙin arewa ne. Ohio State da Notre Dame suka fito, aka tashi 34 da 23, Ohio State ta yi nasara, cikin sanyin da ya sa muka bar injuna a kunne don fasinja su sami ɗumi. Motoci tara suka yi ta zirga-zirga kwana uku. Sai dai hirar da na ji a cikin mota ta tsaya mini a rai. Ka duba hanyar Ohio State: 21 ga Disamba a gida Columbus, 1 ga Janairu a Pasadena ta Kalifoniya, 10 ga wata a Arlington ta Teksas, 20 ga wata a Atlanta. Tafiya uku ta jirgi cikin kwana ashirin, kowace da otal da tikiti, bayan an gama kashe kuɗin Kirsimeti. Wani magidanci da na ɗauko da 'ya'yansa biyu ya gaya mini sun tsallake wasa biyu da gangan, suna addu'a ƙungiyar ta kai ƙarshe, don kuɗin tafiya ɗaya kawai suke da shi. Ɗalibai kuwa, waɗanda sunan makarantarsu ne a jikin rigar, 'yan kaɗan na ɗauka. Yawancin fasinjojina masu furfura ne da baƙin kamfanoni.

Don haka in an tambaye ni, ina tare da masu cewa a ƙara yawan wasannin da ake yi a harabar jami'o'i, a kai zagaye na biyu can kamar yadda aka yi wa na farko, a bar wa manyan birane na kusa da ƙarshe da na ƙarshe. Na san Atlanta za ta rasa wasa a wasu shekarun, motocina su rage sawu. Na yarda da hakan, domin na ga fuskar yaron da aka ce masa bana ba za a je ba. Wasan rukuni kuma a bar shi inda mota za ta kai mutum ta dawo da shi a rana ɗaya.

Bana na sayar da mota ɗaya da ta tsufa, na ɗauki sabon direba ɗan Kumasi, kuma tun yanzu Baba ya fara zagayawa da shi titunan bayan filin ranar Lahadi da safe, lokacin da hanya ba kowa, yana nuna masa kwanar da za mu tsaya.