Zuwa ga marubutanmu na Zariya, daga Ingila

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina gaisuwa, ya damina, ya iyali?

Tambayar da kuke yawan aiko mini ita ce a ina ake samun tallafi da gasa da gidajen saukar marubuta (inda ake ba marubuci masauki na ɗan lokaci don ya yi rubutu). Suna nan, sai dai kowannensu da sharaɗinsa, kuma mu masu rubutu da Hausa harshe ne ke fara tare mana hanya. Tallafin gidauniyar Miles Morland, fam 18,000 a shekara ga mai rubuta ƙagaggen labari, na Turanci ne, kuma sai ka nuna aikinka da aka riga aka wallafa. Kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG, ta dala 100,000, ita ma Turanci ce.

Gasar gajerun labarai ta Commonwealth ita na fi so ku sa wa ido. Ba a biyan ko kwabo wajen shiga. Ana buɗe ta 1 ga Satumba, a rufe 1 ga Nuwamba, labari kuma ya kasance tsakanin kalma 2,000 zuwa 5,000. Abin da ya shafe mu: suna karɓar labarin da aka fassara zuwa Turanci daga kowane harshe, in ya ci, mai fassarar ma yana da nasa kaso. To, Zariya ce za ta rasa mai fassara? Ga Samaru, ga Kongo, harabobin Jami'ar Ahmadu Bello, malamai da ɗaliban harsuna fal. Ka nemi wanda ya ji Hausa ya ji Turanci, ku zauna tun watan Yuni, kana karanta masa layi-layi yana juyawa, in ya kashe maka karin magana ka ce a sake. Wanda ya bari sai daren rufewa, ga wutar lantarki ta ɗauke, ga data ta ƙare, kada ya ce an yi masa son kai.

Mata kuwa, Hikayata ta BBC Hausa tun 2016 take fito da sababbin alƙaluma, da Hausarku zalla. Gasa ba baƙuwa ba ce a garinmu: ta 1933 da Rupert East ya shirya ita ta fito da su Abubakar Imam.

Batun gidan sauka, kowa shirin marubuta na Jami'ar Iowa ta Amurka yake hange. Ni dai na ce a fara da Ebedi da ke Iseyin a jihar Oyo, wanda Wale Okediran ya kafa a 2010. Mako shida ne, ka yi rubutunka, ka ɗan koyar da 'yan sakandare. Ba biza, ba kuɗin jirgi, kuma sunansa a takardarka yana da nauyi idan ka zo neman na waje.

Sai a kula da 'yan damfara. Duk wanda ya turo saƙo ta WhatsApp wai ka ci tallafin da ba ka nema ba, ka biya kuɗin rajista, share shi. Ka tanadi taƙaitaccen tarihinka da shafuka goma mafiya kyau daga rubutunka a waya da imel, don kusan ko'ina su za a fara tambaya.

A gaida mutanen Tudun Wada da na cikin birni.

Naku,
Ɗan'uwanku a Ingila