Ba a fafe gora ranar tafiya: aikina da masu auren ƙetare

Wata Litinin da hantsi wani dattijo ya shigo ofishina, 'yarsa na biye da shi riƙe da fasfo sabo fil. Muka gaisa, na ba shi kujera, ita kuma ta raɓe a bencin bakin ƙofa. Ya ce, "Malam, ranar Juma'a aka ɗaura wa yarinyar nan aure. Mijin yana Landan. So nake ta tare kafin azumi." A lokacin saura mako 5 a kama azumi.

Na ce, "Baba, Allah ya sa alheri. Angon ya zo ɗaurin auren?" Ya ce a'a, yayan mahaifinsa ne ya karɓa masa. Na ce to sun taɓa haɗuwa ido da ido? Ya ce yaron ɗan amininsa ne, a can ya tashi, ta waya suka san juna, kuma kullum sai sun yi magana. Nan jikina ya yi sanyi, don na san amsar da zan ba shi ba za ta yi masa daɗi ba. Aure ya ɗauru, an yi siga, an biya sadaki, shaidu sun shaida, babu malamin da zai ce da saura. Amma dokar Birtaniya ta ce dole miji da mata su zama sun taɓa haɗuwa a zahiri kafin a ba da bizar aure. Hira ta bidiyo, komai yawanta, ba ta maye gurbin wannan.

Da shagon buga takardu da hoto-kwafi na fara a nan Kano. Masu neman biza kan zo in cike musu fom a kwamfuta, da yake komai ya koma intanet. A hankali na lura waɗanda suka fi shan wahala su ne ma'auratan da ɗaya ke gida ɗaya ke waje, sai na tattara hankalina a kansu. Yanzu mu uku ne: ni, da wani matashi mai kula da sikanin da jera takardu, da wata baiwar Allah da ke zama da amare, domin akwai tambayoyin da mace ba za ta sake ta amsa wa namiji ba. Ni ba lauya ba ne, kuma ba ni nake ba da biza ba. Haka nake faɗa wa kowa tun kafin ya zauna. Wanda aka taɓa korowa daga wata ƙasa, ko mai shari'a a kansa, wurin lauya nake tura shi.

Tambayata ta farko kullum ita ce: da wace takarda mijin, ko matar, ke zaune a can? Mutane kan ce "ai yana Ingila," kamar magana ta ƙare, alhali a nan take farawa. Ɗan ƙasa ko mai izinin zama na dindindin hanyarsa daban, mai bizar aiki daban, ɗalibi daban. Tun watan Janairun 2024 mai karatun digiri na biyu irin na zaman aji ba shi da damar ɗauko iyali, sai mai karatun bincike ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. A watan Maris na shekarar aka rufe wa sababbin masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya wannan ƙofa su ma. Na ga gidajen da aka sa rana bisa zaton amarya za ta bi miji, daga baya aka gane bizarsa ba ta ɗaukar kowa. Da an yi tambaya ɗaya kafin a kai kuɗin gaisuwa, da an san a kan me ake shiga.

Idan ɗan ƙasa ne ko mai zaman dindindin, sai maganar kuɗi. Da, fam 18,600 a shekara ake bukata ya zama yana samu. Daga 11 ga Afrilu, 2024 aka mayar da shi fam 29,000. In ma'aikaci ne, sai ya kawo takardun albashi na wata 6 da bayanan banki masu nuna shigar kuɗin daidai wa daida. Wanda zai dogara da ajiya kaɗai kuwa sai fam 88,500, kuma su kwana wata 6 a asusu. Kuɗin neman bizar kansa ya kai fam 1,938 a 2025, ga harajin lafiya fam 1,035 na kowace shekara, wanda ake biyan na shekara 3 a dunƙule domin bizar ta wata 33 ce. Nakan rubuta wannan lissafi a takarda in miƙa wa waliyyi, saboda sau da yawa ya fi lefe da kayan ɗaki in an haɗa su, kuma in aka hana biza kuɗin nema ba ya dawowa. Ita kuma amarya za ta yi gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi, kamar a Abuja ko Legas, takardar kuma wata 6 kawai take aiki. Sannan jarrabawar Turanci ta matakin farko, A1. Wannan yakan ba mutane mamaki, su ce ai da Turanci muka yi makaranta. Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da aka yafe wa, sai dai mai digiri ta kai shi a tantance.

Amma abin da ya fi cin lokacina ba kuɗi ba ne, suna ne. Mutum ɗaya, a takardar haihuwa Muhammadu, a sakamakon jarrabawa Mohammed, a NIN Muhammad, a fasfo kuma an ƙara sunan garinsu. Mace a makaranta da sunan mahaifi, a banki da sunan kaka, a takardar aure da sunan da ake kiranta a gida domin an sakaya sunan uwar miji ko na kaka. Mu mun san duk mutum ɗaya ne. Jami'in da ke duba fayil a wata ƙasa bai san alkunya ba, bai san laƙabi ba, abin da yake gani mutum uku ne. Haka ranar haihuwa: nawa ne aka rubuta musu 1 ga Janairu don ba a riƙe ainihin ranar ba, sannan wata takardar ta zo da wata rana daban? Kafin in taɓa fom sai mun shimfiɗa takardu duka a tebur, mun bi su harafi bayan harafi. Abin da ke bukatar gyara a hukumar ƙidaya ko hukumar katin ɗan ƙasa a je a gyara, abin da ke bukatar rantsuwar kotu a yi. Wani lokaci wannan kaɗai yakan ci wata biyu.

Sai shaidar cewa auren na gaskiya ne, kuma a nan al'adarmu ta fi cin karo da tsarinsu. Suna son ganin hotuna tare, da tarihin kira da saƙonni, da kuɗin da miji ke aikowa, da hatimin shiga da fita a fasfo. Mu kuwa ɗaurin aure taron maza ne, amarya tana cikin gida. Kuɗin cefane ta hannun ƙanin miji yake biyowa, ko ta asusun surukar. Yarinya mai tarbiyya takan goge saƙonnin mijinta don kada ƙannenta su gani. Duk abin da muke ɗauka mutunci ne, a fayil sai ya zama rami. Ba na ce wa kowa ya bar kunya. Abin da nake cewa shi ne, miji ya riƙa tura kuɗi kai tsaye asusun matarsa da sunanta, a adana katin gayyata, a ɗauki hoto ranar walima da iyayen ɓangarorin biyu, kuma mu rubuta gajeren bayani na yadda ake aure a wurinmu: wane ne waliyyi, wane ne wakili, me ya sa ba a ga amarya a hoton masallaci ba. Takardar aure in da Larabci ko Hausa take, a kai wa mai fassara da zai sa hannu da adireshinsa.

Akwai masu rugawa rajista su sake wani auren, wai shi Turawa suka sani. Nakan ce su dakata. Auren Musulunci da aka ɗaura a Najeriya aure ne a dokar ƙasa, kuma Birtaniya tana karɓar auren da ya inganta a inda aka yi shi. Auren rajista kuwa yana da nasa sharuɗɗan: sanarwar kwana 21, kuma na mace ɗaya ne, wanda ya yi shi doka ba ta ba shi damar ƙari ba. Bai kamata mutum ya sa hannu a abin da bai fahimta ba don neman biza. Ga kuma haɗarin fayil ya zo da ranakun aure biyu masu saɓa wa juna. Maganar ƙari kuwa, gara a ji ta tun yanzu: mai mata a Birtaniya ba zai ɗauko ta biyu da bizar aure ba, Amurka ma mace ɗaya ta sani.

Amurka tana da nata hukuncin a kan wakilci. Auren da aka ɗaura ɗayansu ba ya wurin, ba ta lissafa shi sai ma'auratan sun haɗu sun yi zaman aure bayan ɗaurin. Bizar wanda aka yi wa baiko, K-1, ɗan ƙasa kaɗai ke nema wa wani, da sharaɗin sun haɗu cikin shekara 2 kafin nema, kuma a ɗaura aure cikin kwana 90 da sauka. Ƙofarsu kuma buɗewa take tana rufewa. A farkon 2020 an dakatar da bizar zama ga 'yan Najeriya, sai Janairun 2021 aka janye. Shi ya sa duk mai maganar Amurka, ranar da ya zo nake buɗe shafin ofishin jakadancinsu mu karanta tare, ba na dogara da abin da na sani jiya.

Abin da ba na yi, ko nawa za a ba ni, shi ne ƙarya a fom. An sha zuwa a ce in nema wa amarya bizar ziyara, in rubuta ba ta da aure, ko in ce wurin yayanta za ta, in ta shiga sai a san yadda za a yi. Mai bizar ziyara ba ya juya ta ta koma ta aure daga cikin Birtaniya, sai ya dawo gida. Wanda zai je can a ɗaura aure ya dawo ma akwai bizarsa ta musamman ta wata 6. Idan kuma aka kama ƙarya, ana iya hana mutum shiga har shekara 10. Wata Hajiya ta zo mini da kuka: wani ejan ya karɓi kuɗinta, ya haɗa wa 'yarta bayanan banki na bogi ba da saninsu ba, aka gano. Yarinyar ba ta ma taɓa ganin fom ɗin ba, amma da sunanta aka shigar, ita hukuncin ya hau. Tun daga ranar na kafa ƙa'ida: babu fom ɗin da zai fita daga ofishin nan sai mai shi ya zauna mun karanta shi layi-layi, in fassara masa da Hausa, kuma adireshin imel da lambar sirri nasa ne, ba nawa ba. Ladan aikina nakan faɗe shi tun farko, daban da kuɗin hukuma, wanda mutum zai biya da katinsa ya ga rasit.

Ba fita kaɗai ake yi ba, ana shigowa. Ina samun 'yan kasuwa da ɗalibai da suka auro daga Sudan, Masar ko Pakistan. Sashe na 26 na tsarin mulkin 1999 ya ba matar da ɗan Najeriya ya aura damar zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista, amma bai ambaci mijin 'yar Najeriya ba. A ganina wannan ba adalci ba ne, domin na ga 'yan'uwanmu mata da mazajensu baƙi ke ta fama da sabunta izinin zama, ga 'ya'ya a tsakani.

Shi dai dattijon nan bai ji daɗin maganata ba a ranar. Ya yi shiru, can ya ce, "Yanzu auren da Allah ya halatta sai wani ya ce bai gani ba?" Na ce, "Baba, aure yana nan daram. Hanya ce ke da mai gadi, shi kuma takarda yake karantawa." Muka kira angon a waya a gabansa. Ya nemi hutu a wurin aiki, ya zo bayan ƙaramar sallah ya yi mako 3, aka yi walima, amarya ta tare a gidan iyayensa na nan. Kafin ya koma mun gyara harafi ɗaya da ya bambanta a sunanta tsakanin fasfo da takardar aure, ta ci jarrabawar Turanci, ta yi gwajin ƙirji a Abuja, aka ɗauki hoton yatsunta. Amsa takan ɗauki kamar mako 12, tata ma haka ta ɗauka. Ranar da ta fito, mahaifin da kansa ya zo da ƙwaryar goro, ya kuma zo da wani maƙwabcinsa da ake neman 'yarsa daga Jamus. Su ba a ma sa rana ba tukuna. Na ɗauko farar takarda, na ce, "Alhaji, da wace takarda yaron yake zaune a can?"