Godiya ga waɗanda suka tsaya mana kan maganar haya a Gadarif ta ƙasar Sudan

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdu lillahi, takardar kokenmu kan tsadar haya ta isa hannun hukumomin jiha, kuma sun zauna da mu sun saurara. Ba a yanke komai ba tukuna, don haka kada wani ya je ya ce wa mai gidansa an rage haya.

Kowa ya ga yadda garin nan ya cika tun da yaƙi ya ci Madani a Disambar 2023, mutanen Sinja da Dindir suka biyo baya a 2024. Ɗakin da lebura ke iya kamawa da ya gagari mai albashi, ga kuɗin watanni a gaba, ga na dillali. A ƙa'ida wurin 'yan majalisa ake kai irin wannan kuka, to tun 2019 ba mu da majalisa, dokar hayar kuwa ta 1991 ce. Sai muka bi ƙofar da ke buɗe. Abin da muka roƙa shi ne a ƙayyade kuɗin gaba da ladan dillali, a wajabta yarjejeniya a rubuce, masu ƙaramin ƙarfi kuma a tuna da su a rabon filaye.

Samarinmu da 'yan matanmu da suka bi gida-gida cikin laka, ba ko sisi, Allah ya yi muku albarka. Ku kuka tattaro rasitai da hotunan biyan kuɗi ta Bankak, manhajar banki ta waya, har da shafin littafin makaranta da wata baiwar Allah ke rubuta hayarta a ciki. Da aka baje su a tebur, ba wanda ya sake cewa muna ƙara gishiri. Lauyan da ya tsara takardar da Larabci kyauta, da iyayenmu mata da suka riƙe mu da shayi da jabana, wato gahawa, mun gode.

Amma ni, waɗanda suka fi burge ni masu gidajen da suka raka mu ne. Baba Alhaji, kai ka miƙe ka ce ba za ka ƙara wa masu gudun hijirar da ke gidanka komai ba, alhali kai ma da hayar kake ciyar da iyali. Allah ya saka maka da gidan Aljanna.

Wanda bai kawo rasitinsa ba ya kawo ranar Juma'a bayan salla, za mu koma bibiya.