Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Kaset-kaset ɗina da Baffa Ya Shafe

Makon jiya na tsaya a inda na gama sakandare, na kuma yi alkawarin yau zan shiga labarin zamana a shagon Yaya. A yi mini afuwa, shagon zai jira. Ranar Asabar aka yi suna a gidan Auta, sai ga Baffa ya sake tono zancen nan a gaban surukai, yana dariya har da dukan cinya, wai a tambaye ni ko har yanzu ina zaman makokin aljanun Turawa. Tunda shi bai gaji da ba da labarin yadda ya ga dama ba, bari ni ma in bayar yadda aka yi.

Lokacin muna Jos, a tsohon gida. Yaya ya sayo injin bidiyo na hannu, mu kuma ba mu da satalayit, amma maƙwabcinmu na jikin katanga yana da ita. Kirista ne, ma'aikacin banki, ɗansa kuma abokina ne tun firamare. Ni nake tara kuɗin wankin mota in je Kasuwar Taminus in sayo kaset fanko, shi kuma ya naɗo mini. Kaset mai awa uku yana cin kashi huɗu in an yi dabarar yanke talla. Da ya cika sai in sa wuƙa in ɓalle ɗan haƙorin nan na gefe don kada a yi naɗi a kai, in rubuta suna da biro, in jera a akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadon Iya. Can ne kawai na san ba mai sa hannu.

Yawancinsu The X-Files ne, shirin da aka fara a Amurka a 1993, na jami'an FBI biyu, Mulder mai yarda da kowane irin abin al'ajabi da Scully likita mai cewa sai ta gani da ido. Ra'ayina a kansa bai canja ba tun wancan lokaci. Duk kashin da ya shafi halittun wata duniya da maƙarƙashiyar gwamnati da tsohon nan mai zuƙar sigari, jan rai ne kawai. Shekara da shekaru suna yi maka alkawarin amsa, ba sa bayarwa. Daɗin shirin yana cikin kashin da labarinsa ke farawa ya ƙare a zama ɗaya.

Kashi na uku a zangon farko, mai suna Squeeze, shi ne har gobe nake sawa a gaba. Wani mutum ne Tooms a birnin Baltimo, shiru-shiru, ba ka ce zai iya kashe kiyashi ba. Duk bayan shekara 30 sai ya farka ya ci hantar mutum biyar ya koma barci a wata sheƙa da ya lilliƙa da tsofaffin jaridu da ruwan matsarmama. Jikinsa yana miƙewa, yana bi ta bututun iska da na hayaƙi. Abin da ya kama ni ba gawa ba ce. Wurin nan ne da aka nuna murfin bututun iska a bangon ofis, ƙusar da ta riƙe shi tana juyawa a hankali ita kaɗai, daga ciki ake kwance ta. Ba a nuna maka fuska ba, ba a buga maka ganga ba, amma ka san kulle ƙofa ya tashi daga aiki.

Iya ba ta jin ko zo in kashe ka da Turanci, amma ba a kallo sai da ita. Tana gefe a kan tabarma da carbinta, ni ne tafinta. Da muka gama na Tooms ta ce, “Maigida, wannan ai maye ne, su ma ashe suna da su.” Washegari ta sa aka toshe rariyar banɗaki da tsumma, sai da ruwa ya taru Inna ta yi ta faɗa.

Amma da suka zo kanmu sai suka kwafsa. A zango na huɗu, cikin 1996, akwai kashin da ake kira Teliko. Wani baƙo ne daga Burkina Faso ya sauka a Filadelfiya yana kama baƙaƙen fata, yana zuƙe musu wata ƙwaya da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, sai a tsinci gawa ta koma fari fat. Shi ma yana matse jikinsa ya shige ƙaramin wuri. Wato Tooms suka ɗauko suka sake masa fasfo. Sai aka kawo wani jami'in diflomasiyya yana ba da tatsuniyar Bambara da muryar ban tsoro, alhali duk wanda ya taɓa zama da mutanen yamma ya san cibiyar Bambara Mali ce. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, in dodon Bature ne sai a ba shi tarihi da gida da wurin aiki, in na Afirka ne sai a ce daga daji ya fito, shi ke nan an gama bayani. Na ajiye kaset ɗin duk da haka, saboda a cikinsa ne Home yake.

Home ba na yara ba ne, ba kuma na kallo da kaka ba ne, shi ya sa na jira Iya ta tafi gidan biki. 'Yan'uwa uku ne maza a wani gidan gona a jihar Pensilbeniya, sun rufe kansu daga duniya tun kaka da kakanni, ga mahaifiyarsu ba hannu ba ƙafa a kwance kan wani katako mai taya a ƙarƙashin gado. Sauran bayanin kunya ba za ta bar ni in rubuta ba. Tashar Fox mai nuna shirin a Amurka da kanta ta sa masa gargaɗi, ta kuma daɗe ba ta maimaita shi ba. Babu aljani a ciki, babu jirgin sararin samaniya, dangi ne kawai da ƙofa a rufe. Na fi wata ban iya leƙa ƙarƙashin gado da dare ba, ga shi kuma can dukiyata take.

A 1998 aka yi bikin babbar 'yar Baffa. Mai ɗaukar bidiyo ya ce in ana son kwafi na rabawa dangi a kawo kaset. Baffa ya ga sayen sababbi asara ce alhali ga wasu a gida. Ina can wurin wankin mota aka buɗe akwatin, aka kwashe, aka liƙa salatif a gurbin haƙorin da na ɓalle, aka kai. Da na dawo na tarar da su jere a kan tebur, rubutuna na biro yana nan, an dai manna farar takarda a kai an rubuta sunan amarya da ango. Na sa ɗaya a inji. Kamu ne, mata suna ta liƙi. Na tura gaba har ƙarshe, sai ga kusan minti biyu na Scully tana magana a mota, daga nan sai yayyafi.

Na je na durƙusa gaban Baffa na ce, “Baffa, ai da an tambaye ni.” Ya ce, “Kai yaro, a gidan ubanka har akwai abin da yake naka? Mun canja maka aljanu da zumunci, ka gode Allah.” Baba yana zaune bai ce uffan ba, don ba ya ja da ƙaninsa a gaban yara.

Baffa bai san akwatin ba, bai kuma taɓa shiga ɗakin Iya ya duƙa ba. Da na koma ina huci, Iya ta dube ni ta ce, “Maigida, bar ganin laifin mai ɗauka. Da ɗan gari akan ci gari.” Ba ta faɗi suna ba. Amma Auta ya yi kwanaki yana shan alawar da ban san inda ya samo kuɗinta ba, kuma ranar Asabar ɗin nan da Baffa yake dariya, na ga yadda ya sunkuyar da kai yana gyara wa jaririn hula. Ya sani na sani.

Bari in tsallaka gaba kaɗan, don wani abu ya faɗo mini. A watan Oktoban 2013 BBC ta ba da sanarwar an gano kashi tara na tsohon shirinta na talabijin, Doctor Who, da suka ɓace, kuma a ina? A Jos, a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin. Wani Bature mai suna Philip Morris, mai bin ƙasashe yana farautar tsofaffin finafinai, shi ya tarar da gwangwanayen a kan kanta. Labarai biyu ne na 1967 da 1968, zamanin da Patrick Troughton yake fitowa a matsayin Dakta, jarumin shirin: The Enemy of the World da The Web of Fear. Dalilin ɓatansu kuwa, BBC ce da hannunta ta riƙa shafe kaset tana naɗar sabon shiri a kai don tsimin kuɗi, sai kwafin da aka sayar wa ƙasashen waje ne ya tsira. Kafin a gano na Jos kashi 106 ne babu, suka koma 97. Na kai wa Baffa labarin har gida, na ce ga manya ma sun yi irin aikinka, yau suna bin duniya suna nema. Ya ce to ashe yana da abokan shawara a Landan.

Na kalli The Web of Fear daga baya. Dodannin Yeti ne na ƙarfe a ramukan jirgin ƙasan Landan, kuma gaskiya in suka fito fili sai ka ga mutum ne a cikin bargo. Abin da ya riƙe labarin shi ne sojojin da aka rutsa a ƙarƙashin ƙasa sun san akwai ɗaya a cikinsu da ke yi wa abokin gaba aiki, ba su san ko wane ne ba. Maganar Iya ce dai. Kashi na uku ba ya cikin abin da aka dawo da shi, sai hotuna da murya aka haɗa aka cike gurbin.

Wanda ya fi duka a wurina ban same shi ba sai bayan mun bar tsohon gida, a cikin faifan nan na 'yan tebur mai cunkushe da shirye-shirye. The Twilight Zone ne na Rod Serling, wanda aka yi daga 1959 zuwa 1964, baƙi da fari, kashi 156. Wanda nake nufi na 1960 ne, The Monsters Are Due on Maple Street, bai kai rabin awa ba. Wani abu ya gifta a sama, wuta ta ɗauke a layi guda, waya ta mutu, motoci suka ƙi tashi. Da farko dariya na yi, na ce mutanen da ɗauke wuta ke firgitawa ba su zo nan ba. Sai wani yaro ya ce ya karanta cewa baƙin sama sukan turo nasu tun da wuri su zauna cikin mutane kamar kowa. Shi ke nan. Motar wani ta tashi ita kaɗai, aka ce shi ne. Wata ta tuna tana ganinsa da tsakar dare yana kallon sama. Wani kuma aka ce me yake haɗawa da rediyo a ɗakin ƙasa. Can cikin duhu aka hango mutum yana tahowa, ɗaya ya ɗaga bindiga ya harbe shi, ashe maƙwabcinsu ne da ya je duba ko layin gaba akwai wuta. Baƙin suna kan tudu, ba su taɓa kowa ba, wuta kawai suke kunnawa suna kashewa.

Dariyar ba ta kai ƙarshe ba, don na ga wannan da idona. Ranar Juma'a 7 ga Satumban 2001 rikici ya ɓarke a Jos. A layinmu ba wanda ya fara zuwa daga waje. Magana ce ta riƙa yawo: an ga wane ya shigo da jarka, me ya sa wance ta kwashe 'ya'yanta tun jiya, wa ya gaya mata? Gidan da suke aiko mana shinkafar Kirsimeti muna aika musu naman layya, sai ga mu muna leƙensu ta taga suna leƙenmu. Abokina mai naɗa mini kaset, mun haɗa ido ta saman katanga, ba wanda ya iya cewa sannu. Allah ya tsare, ba a zubar da jini tsakanin gidajen biyu ba, amma kafin shekara ta zagayo su sun koma unguwar nasu, mu mun koma ta namu. Kasuwar Taminus ɗin ma ta ƙone a farkon 2002. Iya ba ta ga wannan ba, ta riga ta rasu, Allah ya jiƙanta. Serling ya rubuta nasa ne Amurka tana fitowa daga zamanin farautar 'yan kwaminis, inda maƙwabci ke kai sunan maƙwabci, bai san da wata Jos ba. Aibinsa ɗaya, da bai nuna baƙin a ƙarshe suna yi mana bayani ba, da ya fi.

Yaran yanzu shirin Black Mirror suke yabo, kuma ban hana ba, sai dai yawancinsa wa'azi ne a kan waya. Wanda na ɗaga wa hula shi ne Be Right Back na 2013: mace ce saurayinta ya mutu a hatsari, wani kamfani ya tattara duk abin da ya taɓa rubutawa a intanet ya haɗa mata mai kwaikwayonsa, da farko saƙo, sai murya, har ya kai ga jiki. Yana da kalamansa amma ba shi da taurin kansa, duk abin da ta ce sai ya bi, wannan ne ya ishe ta. A Musulunce dai an san wanda ya tafi ya tafi, amma kada wanda ya rasa nasa ya ce mini bai taɓa sake kunna tsohon saƙon murya ba.

Nan ne dangi suke kama ni. Goggo takan ce ai albarkacin wannan bidiyon bikin ne muke da hoton Iya mai motsi, tana zaune cikin farin mayafi tana korar mai kyamara da hannu. Gaskiya ne tana ciki, na kuma sa an juye mini shi a waya. Amma asalin kaset ɗin mai ɗaukar bidiyon yana wurin amarya tun ranar, da an taɓa nawa da ba a taɓa ba Iya tana nan. Kuɗin sababbin kaset ne Baffa bai so fitarwa ba, a shekarar da ya canja babur.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai shagon Yaya, da yadda aka yi na fara gyaran injin bidiyo ba tare da kowa ya koya mini ba.