A Wane Tsayi Ƙasa Take Fara Tallafa wa Helikwafta?

Duk wanda ya koyi tuƙin jirgi mai saukar ungulu an sanar da shi cewa jirgin yakan buƙaci ƙarfin inji kaɗan idan ya tsaya cak kusa da ƙasa, fiye da yadda yake buƙata idan ya tsaya can sama. Dalili kuwa shi ne, iskar da farfela take turawa ƙasa ba ta samun hanyar wucewa, sai ta rage gudu ta bazu gefe, guguwar da ke tashi a bakin fukafukan farfelar ita ma ta yi rauni. Abin da ɗalibai suka fi tambaya shi ne daga wane tsayi wannan tallafi yake farawa.

Amsar da ake bayarwa a aji, wadda hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, take koyarwa, ita ce tsayin da ya kai faɗin da'irar farfelar sau ɗaya. A ganina wannan amsa ta isa cin jarrabawa, amma tana sa mutum ya ɗauka akwai wata iyaka da aka shata a sararin sama, alhali tallafin yana raguwa ne sannu a hankali, kamar ɗumin wuta ga mai ja da baya. Lissafin da wasu masu bincike biyu, Cheeseman da Bennett, suka fitar a Birtaniya a 1955 ya nuna cewa a tsayin faɗin farfela guda, ƙarin ƙarfin ɗagawa bai kai kashi 2 cikin 100 ba. A rabin wannan tsayi yakan kusan kashi 7, idan kuwa aka sauko zuwa rubu'insa sai ya haura kashi 30.

Wurin da ake yawan tuntuɓe shi ne inda ake fara awon. Daga farfela ake aunawa zuwa ƙasa, ba daga ƙafafun jirgin ba. Ɗauki ƙaramin helikwafta Robinson R22, wanda makarantu da yawa suke koyarwa da shi: faɗin farfelarsa mita 7.67 ne, kuma ko yana zaune a ƙasa farfelar tana a tsayin kusan mita 2.7 daga ƙasa. Ke nan da zarar ƙafafunsa sun tashi da mita ɗaya da 'yan kai, ya riga ya kai rabin faɗin, idan kuma suka kai mita 5, tallafin ya kusa ƙarewa. Shi ya sa jadawalin da kamfanin da ya ƙera shi ya bayar na iyakar tsayawa cak kusa da ƙasa aka gina shi a kan ƙafafun jirgin suna sama da ƙasa da ƙafa 2 kacal, wato kusan santimita 60. Babban helikwafta Mi-26 na Rasha kuwa, mai farfelar mita 32, yana samun tallafin a tsayin da R22 ya daɗe da rabuwa da shi.

A cikin jirgi babu mai riƙe da magwaji. Ƙwararren matuƙi idonsa yana kan agogon da ke nuna ƙarfin da inji yake bayarwa, hannunsa na hagu kuma yana kan lifar kolektif, wadda ake ja ko sassautawa don ƙara ko rage ƙarfin ɗagawa. Idan yana hawa a miƙe ya ga sai ya ci gaba da jan lifar kafin ya samu ƙarin tsayi, har ya kai inda allurar agogon ta daina buƙatar ƙari, ya san ya fita daga tallafin ƙasa. Wajen saukowa kuma yakan ji jirgin yana nawar sauka, sai ya ƙara sassauta lifar kafin ƙafafun su taɓa ƙasa.

Lissafin yana aiki ne a kan shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri, irin daɓen siminti ko kwalta, a lokacin da babu iska. Doguwar ciyawa da ruwa da gangare duk suna rage tallafin, haka ma iska mai ƙarfi takan kwashe shi. Mafi haɗari shi ne tashi daga kan bene ko dandalin haƙar mai a teku, domin da zarar farfelar ta wuce bakin dandalin, ƙasar da take tallafa mata ta ɓace nan take. Saboda haka matuƙin da zai tashi daga irin wannan wuri da kaya mai nauyi a rana mai zafi yakan yi lissafinsa da jadawalin tsayawa ba tare da tallafin ƙasa ba, tun kafin ya tayar da inji.