Abin da na fito da shi daga ajin Turanci

Ƙarshen zangon nan na ajiye alli a sakandaren da nake koyar da Turanci a Daura. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne jarrabawar gwaji ta 'yan aji shida.

Mataimakin shugaban makaranta ne ya fitar da amsoshi, bai tuntuɓi kowa a sashenmu ba. A tambayar "The two friends greeted ___" sai ya sa "themselves". Na same shi ofis na ce, ranka ya daɗe, "each other" ne a nan, ai juna suka gaisa, ba kowa ya gaida kansa ba. Ya ce ya riga ni riƙe alli. Washegari a taron malamai ya ce ina raina na gaba da ni. Aka soke makin duk yaron da ya rubuta daidai. Wata yarinya ta kawo min takardarta, jan biro ya ratsa amsar, ta ce, "Malam, ba haka ka koya mana ba?" Na ce haka ne, kuma haka za ta rubuta a WAEC da NECO. Makin dai bai dawo ba. Shi kuwa har yau da "Myself and the principal" yake buɗe sanarwa, inda "The principal and I" ya kamata.

Yaranmu ba daƙiƙai ba ne. Mai rubuta "hisself" ko "theirselves" tsari yake bi: ya ga my, your da our sun ba da myself, yourself, ourselves, sai ya ɗora. Him da them ne suka karya tsarin. Gaya musu haka ƙarara ya fi bulala aiki. Kalmomin nan masu ƙarewa da self ko selves takwas ne, kowacce a haɗe ake rubuta ta, a jam'i kuma f ta koma ves, kamar leaf da leaves. Wurin amfaninsu biyu: inda aiki ya komo kan mai yinsa, da inda ake ƙarfafawa, irin "da kansa" tamu.

Wanda zai gaje ni, ka nemi ganin amsoshi kafin a buga, in ka ga gyara ka kai shi a rubuce. 'Yan aji biyar sun tsaya a kan "by myself", littattafansu na cikin kabad ɗin ɗakin malamai.