Godiya ga jama'ar Ƙofar Marusa

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, taron da muka yi ranar Asabar bayan la'asar kan magudanar ruwan unguwarmu ya tashi lafiya. A madadin ƙungiyar ci gaban unguwa ina miƙa godiya ga Mai Unguwa da Liman, da iyayenmu mata da suka zauna har magariba duk da hadarin da ya haɗo. Matasan da suka yi kwana biyu cikin kwata da shebur da baro, wasu ko takalmin roba babu, Allah ya yi muku albarka.

Godiya ta musamman ga ƙanenmu da ke aikin jinya a Oklan ta ƙasar Niyu Zilan. Sanda muka kira shi ta WhatsApp, can wajensu ƙarfe uku da rabi ne na dare, amma ya hana idonsa barci. Aka ɗora wayar kan kujera, aka kanga mata lasifika, dattawa suka matso da tabarminsu.

Ya ba mu labarin yadda ake tafiyar da al'amuran unguwa a yankin da yake zaune, Devonport da Takapuna, unguwannin bakin teku da mutane ke hawa jirgin ruwa su tsallaka aiki cikin gari. Tun 2010 da aka haɗe ƙananan hukumomin Oklan wuri guda, aka raba birnin zuwa hukumomin unguwanni 21. Tasu mutum shida ne, ana zaɓensu duk shekara uku, su kuma su fitar da shugaba a tsakaninsu. Ba su ke yanka haraji ba, babbar majalisar birni ce ke ware musu kuɗi. Nasu shi ne filayen wasa, ɗakunan karatu, zaurukan taro da tallafin ƙungiyoyi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, zamansu a buɗe yake. Mazaunin unguwa yana iya neman dama ya miƙe gabansu ya faɗi kukansa, a rubuta. Wallahi da ya zo nan a labarin sai da Baba Liman ya ce a maimaita masa.

Ranka ya daɗe Kansila, mun gode da ka zo da ƙafarka, ka kuma amsa cewa za ka riƙa zama da mu Asabar ɗin farko ta kowane wata. Mun rubuta, kuma za mu shimfiɗa tabarma.

Sauran layin bayan masallaci ba a yashe ba. Mai shebur ya fito da shi Lahadi da hantsi. Allah ya bar zumunci.